Ba Kowa Ake Ce Wa Matata Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Babagana, assalamu alaikum. Ina fatan motar Bagwai ta sauke ka lafiya, ka tarar da Kawu Modu da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya, kuma direban bai ƙure rediyo har kanka ya ɗau zafi ba. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa wannan aiki na ofishin noman rani ya zame maka wurin zama.

Na rubuto ne don na san ka fi riƙe abin da ke kan takarda. In na zaunar da kai ina magana, kana can kana fama da muryata da fuskata da kukan awaki a tsakar gida, rabin zancen ya zube a ƙasa. Kuma na yi maka alkawari, babu karin magana a nan, babu habaici, babu zagaye-zagaye. Ka tausaya min, wannan ba ƙaramin horo ba ne ga matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da Hausa a firamaren Tsanyawa.

Abu ɗaya ne a raina. Wannan ne aikinka na biyu, kuma ba na son ya ƙare yadda na farko ya ƙare. Ban manta yadda ka dawo gida ka shige ɗaki ba, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba ka zuwa ko'ina sai masallaci da gonar bayan gida. Aikin kansa ba ya ba ni tsoro, na san kai da kwamfuta ba mai shiga tsakaninku. Mutane nake jiye maka, musamman masu daɗin baki. Kuma da na zauna na duba, sai na ga yawancin abin da ya same ka da hannuna a ciki. Shi ya sa zan faɗa maka kurakuraina, kowanne da abin da na koya.

Kana ƙarami kowa yabonka yake. Ba ka kallon idon manya, ba ka shiga zancen da ba naka ba, ana cewa yaron Malama akwai kunya. Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura, ina ganin tarbiyyata ce. Sai ranar da muka je suna Makoɗa, kana aji huɗu ko biyar. Gwaggon Babanka ta ce, "Sannu da zuwa ɗan albarka, ina gajiya?" Ka ce, "Akwai ta da yawa. An matse ni a mota, kuma gidan nan yana warin daddawa."

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja ka bayan rumbu na murɗe maka kunne, na ce, "Daga yau ka buɗe ido. Abin da ka ga mutane suna yi, ka yi irinsa. Abin da ka ji suna faɗa, ka faɗi irinsa." Ka tambaye ni, "Kullum?" Na ce kullum. Ban yi maka bayanin komai ba, don haushina nake hucewa, ba koyarwa nake ba. Kai kuma ka ɗauki maganar ka riƙe ta gam, kamar yadda kake riƙe duk abin da na faɗa maka.

Ga bayanin da ya kamata in yi maka ran nan. Gaisuwa ba tambaya ba ce irin ta likita. Wanda ya ce maka ina gajiya, cewa yake na gan ka, kuma ba na gaba da kai. In ka ce ba gajiya, ba ƙarya ka yi ba, cewa ka yi ni ma haka. A gaisuwa kaɗai dokar nan tawa take aiki. Ka gaida kowa da safe, daga maigadi har shugaba, ko da kana ɗokin zama kan aikinka. Wanda ka wuce bai san kanka na cike da lissafi ba, zai ɗauka raina shi ka yi.

Amma a sauran zance dokar banza ce, kuma ita ta kai ka ga abin da ya faru a ƙaramin asibitin nan da ka fara aiki. Ban taɓa zama mun yi maganarsa tiryan-tiryan ba, bari in yi yau.

Iya Tabawa, tsohuwar da ke shara a can, ta kai sa'ar kakarka. Kullum ka shigo sai ta dogara tsintsiya ta ce, "Ga mijina ya iso! Yau ma hannu rabbana, ba cefane? Ni dai zan kai ƙara." Kowa ya yi dariya, har marasa lafiya da ke kan benci. Kai kana lura. Ka ga a duk maganganun da ake yi a wurin, babu wadda ke faranta wa mutane rai kamar wannan. Ka kuma ga Sista Hadiza tana kyautata maka, ita ce ke rage ƙarar fanka in ta ga ka toshe kunne. Ka so ka faranta mata. Wata rana da safe mijinta ya sauke ta a babur a bakin ƙofa, ka fito da fara'arka ka ce, "Ga matata ta iso!"

Ka san sauran. Mutumin ya ci kwalarka. Kai kuma kana ta bayani tsakaninka da Allah, "Ai Iya Tabawa ma haka take ce min, kuma kowa yana dariya." Shi kuma yana jin kamar rainin hankali kake ƙara masa. Hadiza ta shige ɗakin allura tana kuka, shugaban wurin ya ce ka tafi gida sai an neme ka, ba a kuma neme ka ba. Da ka dawo, wuyan rigarka a yage, abin da ka fara ce min shi ne, "Inna, na yi yadda kika ce." 

To saurara. Tsohuwa sa'ar kaka tana iya ce wa saurayi mijina, tsoho sa'an kaka yana iya ce wa ƙaramar yarinya matata. Wasan kaka da jika ne. Abin dariyar shi ne kowa ya san auren ba zai taɓa yiwuwa ba. Kai da Hadiza kuwa sa'o'in juna ne, kuma da aurenta, don haka babu abin dariya a ciki, sai abin da zai iya kashe mata aure. Kalmar ɗaya ce, amma bakin da ya faɗe ta da kunnen da aka faɗa wa su ne suka bambanta. Mu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, mun tsince shi ne muna tasowa, shi ya sa na manta cewa kai sai an faɗa maka.

A Bagwai ma za ka ji irinsu. Manya za su ce maka ɗana, wasu su ce ƙanina, wata dattijuwa ta ce angona. Ka karɓa, ka ce na gode, ko ka ce Allah ya bar zumunci, ka ci gaba da abin da kake yi. Amma kai kada ka mayar, kada kuma ka ɗauka ka kai wa wani. Kai dai ka tsaya kan Malam da Malama, Alhaji da Hajiya, da Yallaɓai ga shugaba. Ba a taɓa korar kowa daga aiki don ya ce Malama ba. In wani ya ce ka cika tsari, ka bar shi, tsarin ya fi yagaggiyar riga.

Kawu Modu ya gaya min shugabanku, Alhaji Buba, Bafulatani ne. To shirya, ranar da ya ji kai Babarbare ne ka shiga uku. Zai ce, "Ashe bawa aka kawo min! Zo nan ka ɗaukar min jaka." Kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka tsaya kawo masa tarihin Barno, na san halinka. Tsohon wasa ne tsakaninmu da su tun kafin kakanninka su zo ƙasar Kano, kuma in ya yi maka, alama ce ta ya sake da kai. Ka ce, "Yallaɓai, Inna ta ce ku ne bayinmu," ka tsaya nan. Wannan kaɗai na yarje maka, shi ma sai in shi ya fara, kuma ba a gaban baƙi ba.

Sai 'yan mata abokan aiki. Wata za ta ce maka yayana, wata ta turo alamar zuciya a waya don ka gyara mata wani abu. Yaran yanzu haka suke godiya, ba alkawarin komai ba ne. In har wata ta kwanta maka a rai, ba laifi ba ne, kai namiji ne kuma ina so in ga 'ya'yanka. Amma kada ka faɗa mata a ofis, kada ka rubuta mata. Ka kira ni ko ka gaya wa Kawu, mu bincika, in da hali a bi ta ƙofar gidansu.

Kuskurena na biyu ya fi na farko nauyi. Ka san yawon da muka yi da kai kana yaro, rubutu da turare da masu ruƙiyya, ana cewa iska ce. Sai da ka kusa gama kwaleji wata likita a Kano ta zauna da kai, ta yi maka tambayoyi, ta ce abin sunansa otizim. A rediyo na ji suna cewa galahanga, ni dai kalmar ba ta yi min ba. Likitar ta ce ba hauka ba ne, ba aljani ba ne, haka Allah ya ƙera kanka, kana ganin abin da mu ba ma gani, kana kuma rasa abin da mu muke tsinta ba wahala. Kai ka ji daɗi, a mota kana ta cewa ashe abin yana da suna. Ni kuwa na ce maka kada ka kuskura ka faɗa wa kowa. Tsorona kada a ji a gari a hana ka mata.

Ranar da aka sallame ka daga aikin asibitin, na yafa mayafi na fita da niyyar in je in yi musu bayani. Na bi ta hanyar cikin gonaki, gero ya fi ni tsayi, ina tafe ina shirya abin da zan ce. Da na hango rufin asibitin sai na tsaya. Na tuna in na buɗe baki, kafin ranar kasuwa duk Tsanyawa ta ji ɗan Malama yana da lalura. Na juyo. Babagana, na bari aka ce maka ɗan iska don kada a ce maka mai lalura. Sunana na kare, ba naka ba, kuma ina neman gafararka.

Sai bayan an yi girbi na biyu na iya zuwa gidan Hadiza. Ba ka san na je ba. Ta shimfiɗa min tabarma, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Haba Inna! Da kin faɗa mana tun farko, wallahi da ni zan tare masa. Ni na san ba halinsa ba ne, amma me zan ce wa maigidan? Ba ni da abin faɗa." Ta kira mijin, shi ma ya sunkuyar da kai ya ce a ba ka haƙuri. Na fito ina jin kunyar da ta fi wadda na gudu.

Don haka na janye waccan dokar ta kada ka faɗa wa kowa. Maganar taka ce, kai ke da ikon faɗa ko bari. Ba sai ka tara ofis ka yi shela ba. Amma shawarata, ka nemi mutum ɗaya mai hankali, ko Alhaji Buba ne in ka ga yana da sauƙin kai, ka same shi shi kaɗai ka ce, "Ni ina ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. In wasa ne a ce min wasa ne. In na yi kuskure a gaya min a fili, ba zan ji haushi ba." In ka so ka faɗi sunan abin, in ba ka so ba wannan ma ya isa. Ranar da harshenka ya zame, kuma zai zame don na kowa yana zamewa, a samu wanda zai ce ku tsaya, na san shi.

Haka maganar taɓa jiki. Maza za su riƙe hannunka a yi ta gaisawa ba a saki ba, wani ya dafa kafaɗarka kuna tafe. Ƙauna ce a wurinsu, na kuma san kai ji kake kamar an ɗora maka garwashi. Da kana yaro tilasta maka nake, yanzu na daina. Ka ba da hannu a gaisa, wannan ba makawa. In abin ya yi tsawo ka zare a hankali ka ɗora hannun a ƙirji, girmamawa ce, ba mai jin haushi. Kada dai ka fizge ko ka goge hannun a riga a gaban mutum.

Akwai kuma masu zuma a baki don wata bukata. In wanda bai saba kula ka ba ya zo yana ƙanina na kaina, ya biyo da a yi masa abu a ɓoye kada shugaba ya ji, ka ce sai ka yi shawara. In ya ce ai tsakaninmu ne, to nan ne ma za ka yi shawarar. Ba a gane mai ƙaunarka da sunan da yake kiranka. Ka duba wanda ke gaya maka gaskiya ba tare da ya tara maka jama'a ba, wanda in an yi dariya ba ka gane ba zai matso ya yi maka bayani.

Saura guda, kuma ita na yi ta jan ƙafa a kanta tun farkon takardar nan.

Wata la'asar a cikin zaman da ka yi a gida, muna ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, ni da kai. Ba ka ɗago ba ka ce, "Inna, Iya Tabawa ta ce ni mijinta ne, ba gaskiya ba ne. Shugaban asibiti yana ce min ɗana, ya kore ni. Ke kuma ba ki taɓa ce min komai ba. Ƙannena kina ce musu 'yan lelena. To ni mene ne a wurinki?"

Ka tuna amsar da na ba ka? Cewa na yi, "Kai, tashi ka ba awaki ruwa." Ka tashi ka ba su, ba ka sake tambaya ba.

Ga dalili, ko da yake ba hujja ba ce. Kai ne ɗan fari. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ga shi kuma sunan mahaifin Babanka aka sa maka, surukina, wanda bakina bai isa ya ambata ba, shi ya sa kowa ke ce maka Babagana. Da aka haife ka, in baƙi sun shigo sai in kawar da kai kamar ban san da kai a ɗakin ba, tsofaffi suna yaba min. Haka uwata ta yi wa yayana, shi kuma ya gane, don ya iya karanta abin da ba a faɗa ba. Na ɗauka kai ma kana karantawa. Na ɗauka in na zauna ina cire maka takardar wuyan sabuwar riga don kada ta sosa ka, ko na hana yara buga gwangwani kusa da ɗakinka, ka ji abin da nake cewa. Na san sarai kai sai an faɗa maka abu a fili, na faɗa wa malamanka haka, na faɗa wa Babanka, amma ni ban yi ba. Na tura ka cikin mutane kowa yana kiranka da suna mai daɗi, alhali ba ka taɓa jin na gaskiya daga bakin uwarka ba balle ka gwada da shi.

To ga amsarka, a rubuce, yadda za ka iya dubawa duk ranar da kake shakka.

Abubakar. Kai ɗana ne. Ina sonka tun ranar da aka miƙo min kai na kawar da fuska don kunyar mutane, kuma ban taɓa dainawa ba, har ranar da ka dawo da yagaggiyar riga. Ba na fatan a canza min kai da wani. Wannan ba wasa ba ne, ba gaisuwa ba ce, kuma babu wata bukata da za ta biyo baya. Ko aikin nan ya zauna ko bai zauna ba, maganar tana nan yadda take.

Ba sai ka nemo abin da za ka mayar min ba. In ka kira, ka ce ka karanta, ya wadatar.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin baki, naka da na mutane. Allah ya ba ka abokan aiki masu haƙuri, ya ba ka haƙurin zama da su, ya dawo min da kai lafiya. Ka gaida Kawu Modu da mutanen gidan. Allah ya yi maka albarka, Abubakar, ɗana.

Wassalam,
Mahaifiyarka.